Tsohon kayan da ba a taɓa amfani da shi ba: sabo ne ko tsoho?

Akwai wani nau'in haja da yake ɗaure wa masu sayarwa a intanet kai duk lokacin da suka zo rubuta bayaninsa, wato kayan da ya tsufa a ajiye ba tare da kowa ya more shi ba.

Wane irin kaya ake nufi?

Kaya ne da aka ƙera shekaru masu yawa da suka wuce, sai ya yi kwantai a shago ko ma'ajiya, ko kuma wani ya saya ya jefa a akwati har aka manta da shi: agogo a kwalinsa, takalmin da bai taɓa taka ƙasa ba, rediyo mai kaset da ledarsa a jiki. 'Yan kasuwar Amurka da Ingila suna kiransa NOS a taƙaice, ma'ana tsohuwar haja wadda take sabuwa. Shafin saye da sayarwa na Etsy, wanda aka buɗe a 2005, ba ya karɓar abu a rukunin kayan zamanin da sai ya kai shekara 20, yayin da a al'adar wannan ciniki sai abu ya kai shekara 100 ake kiransa kayan tarihi.

Mene ne abin wahala wajen bayyana halinsa?

Wahalar tana farawa daga gurbin da shafin ya tanada. A eBay, wani shafin saye da sayarwa da ya fara aiki a 1995, mai sayarwa yana zaɓa ne daga 'yan kalmomin da aka riga aka jera: sabo, wanda aka buɗe kwalinsa, wanda aka yi amfani da shi, ko wanda ba ya aiki sai dai a ciri kayan gyara. Idan ya zaɓi sabo, mai saye zai sa ran abin da ya fito daga masana'anta jiya, alhali kamfanin ma wataƙila ya rufe tuntuni. Idan ya zaɓi na hannu, ya faɗi abin da ba gaskiya ba, kuma ya karya wa kansa farashi. A ganina tushen matsalar shi ne ana haɗa magana biyu a kalma ɗaya: cewa ba a yi amfani da abu ba labarin tarihinsa ne, ba shaidar lafiyarsa ba.

Me zai iya samun abin da yake ajiye a kwalinsa?

Abubuwa da yawa, kuma mafi yawansu ba a gani sai an zo amfani. Takalman wasanni masu tafin soson foliyuritan, wani nau'in roba, suna shan laimar iska a hankali har soson ya ruɓe. Za ka ga takalmin fes a hoto, amma ranar da aka sa shi aka yi taku goma sai tafin ya marmashe kamar busasshen biredi, ya bar gari a ƙasa. Abin mamakin shi ne wanda ake sawa lokaci zuwa lokaci yakan fi na ajiye daɗewa. A rediyo mai kaset, siririyar robar da take juya injin takan saki ko ta narke ta zama baƙin danƙo mai manne wa yatsa, sannan ƙananan kafasito masu ruwa a ciki, wato sassan da suke riƙe wutar lantarki, suna bushewa ko su tsiyaye. Man da ke cikin agogon da ake murɗawa yana daskarewa, batirin da aka bari a ciki yana zubar da gishiri ya ci ƙarfe, farar roba tana komawa rawaya, robar ƙugun wando tana mutuwa, turare yana sauya ƙamshi. Duk wanda ya taɓa warware turmin atamfa da ya shekara talatin a ƙasan adaka ya san yadda layin ninki yake dushewa, wani lokaci har ya yage a daidai wurin.

Me zai hana mai sayarwa ya gwada kafin ya saka?

Gwajin kansa yana rage daraja. Masu tara kayan zamanin da suna biyan kuɗi mai yawa ne saboda hatimin masana'anta yana nan, to da zarar an yage leda abin ya sauka zuwa wani mataki. Faifan garmaho da ba a buɗe ba yana iya lanƙwashewa a cikin ledarsa, kuma babu hanyar sani sai an buɗe. Saboda haka mai gaskiya yakan rubuta cewa bai gwada ba, ya kuma faɗi dalili.

To, me ya kamata a rubuta?

A raba maganar gida uku: abin da aka sani na tarihin kayan, abin da ido ya gani, da abin da aka gwada ko ba a gwada ba. Misali: "An same shi a ma'ajiyar tsohon shago, babu alamar an yi amfani da shi, kusurwar kwalin ta motse, akwai warin ajiya, ya kunnu amma ban saka kaset ba." Irin wannan ya fi kalmar "sabo dal" amfani nesa ba kusa ba, musamman idan an haɗa da hoton kowane tabo a hasken rana. Wasu masu sayarwa sukan ce ai ba su suka jawo aibin ba. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya amsa wannan: Annabi (SAW) ya sa hannu cikin tsibin abinci ya ji danshi, mai shi ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai aka tambaye shi me ya hana ya ɗora jiƙaƙƙen a sama don mutane su gani.

Idan mai saye ya yi ƙorafi fa?

A tsarin eBay mai saye yana da kwana 30 bayan isar kaya ya shigar da ƙorafin cewa abin bai dace da bayaninsa ba, ko da mai sayarwa ya rubuta cewa ba ya karɓar kaya idan an dawo da shi. Idan ƙorafin ya tabbata, mai sayarwa ne zai mayar da kuɗi, ya kuma ɗauki nauyin kuɗin jigilar dawowa. Abin da za a duba a lokacin shi ne rubutunsa da hotunan da ya saka.