Waiwaye: Yadda aka fara tambayar kwamfuta ko magani guba ne

Yanzu ɗalibin haɗa magunguna a Jos ko Abuja yakan zana ƙirar ƙwayar sinadari a wata manhaja ta kyauta irin ProTox, wadda masana a birnin Balin na Jamus suka gina, ya danna, kafin minti ɗaya ta faɗa masa ko sinadarin na iya lalata hanta ko jawo ciwon daji. Babu ɓera, babu allura. Sai dai tunanin da ke bayan wannan ya girmi kwamfutar nesa ba kusa ba.

Tun 1868 wasu masana biyu a Sukotland, Crum Brown da Fraser, suka ce aikin da sinadari ke yi a jiki yana bin yadda aka ƙera shi. Wajen 1900 wasu masanan biyu, Meyer da Overton, suka gwada abin da hannu. Overton ya riƙa zuba magungunan sa barci cikin ruwan da ya saki talibambam, yana lura da adadin da ke hana su motsi, sannan ya auna yadda kowane magani ke narkewa a man zaitun. Wanda ya fi son mai shi ya fi ƙarfi. Ashe ana iya auna abu a kwalba a san abin da zai yi wa mai rai.

A 1964 Corwin Hansch a Amurka da Toshio Fujita na Japan suka mai da wannan lissafi, aka samu fannin da ake kira QSAR, wato hasashen aikin sinadari daga ƙirarsa ta hanyar lissafi. Lokacin duniya ba ta gama farfaɗowa daga masifar talidomaid ba, maganin da masu ciki suka sha aka haifi jarirai sama da 10,000 da nakasa. Daga nan abin ya yi ta bunƙasa: aka tattara jerin sassan sinadari da aka san suna taɓa ƙwayoyin gado, aka zuba su a manhajoji irin Derek ta Ingila. A 2013 Tarayyar Turai ta kammala hana sayar da kayan kwalliyar da aka gwada kan dabbobi. A 2014 ƙa'idar duniya kan ingancin magunguna, ICH M7, ta yarda kamfani ya dogara da hasashen manhajoji biyu masu bin hanya dabam-dabam wajen tantance ƙazantar da ke maƙalewa a magani. A shekarar ne kuma aka yi gasar Tox21 ta hasashen guba da kwamfuta kan sinadarai kusan 12,000, ƙirƙirarriyar basira ta zo ta ɗaya. Amurka ma a ƙarshen 2022 ta cire wajabcin gwajin dabbobi daga dokarta ta magunguna.

Ni ina murna da wannan ci gaba, domin gwaji kan dabbobi na cin kuɗi da shekaru, mu kuwa ba mu da ko ɗaya a wadace. Amma manhajar rariya ce: abin da aka zuba mata kawai take tacewa.

Mutanen Jos sun san haka da ciwo. A 1990 yara 47 suka rasu a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos bayan sun sha ruwan farasitamol da aka haɗa da dayetilin gilaikol a madadin furofilin gilaikol, ruwan da ake narkar da maganin a ciki. A faɗin ƙasa adadin ya kai 109. Sinadaran biyu duk ruwa ne fari mai kauri da ɗan zaƙi, ido ba ya rabe su. Na biyun jiki na sarrafa shi lafiya, na farkon kuwa hanta ke mai da shi asid ɗin da ke kashe ƙoda, yaro ya daina fitsari. Wannan guba ba ta buƙaci hasashe ba, tun 1937 aka san ta, lokacin da ta kashe mutum sama da 100 a Amurka. Abin da aka rasa shi ne wanda zai buɗe duro ya gwada abin da ke ciki. Bayan rashin nan aka kafa NAFDAC a 1993, duk da haka gubar ta dawo a 2008 cikin maganin haƙorin yara na My Pikin, yara 84 suka tafi. Allah Ya jiƙan su.

Akwai kuma matsalar da ta fi shafar mu. Manhaja tana koyo ne daga sinadaran da aka riga aka gwada, mafi yawansu na masana'antun Turai da Amurka. Shi ya sa ƙa'idojin da ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta OECD ta fitar a 2004 suka ce dole kowace manhaja ta bayyana iyakar abin da ta sani. To jiƙon saiwa da sassaƙe da ake sayarwa a kasuwar Taminus ta Jos fa? Sinadarai ne barkatai a kwalba ɗaya, wasu ba a ma zana ƙirarsu ba, ƙarfinsu kuma na sauyawa da ƙasa da damina. Ɗalibin da ya ciro guda ɗaya, manhaja ta ce ba shi da illa, shi kuma ya rubuta cewa tsiron lafiya lau ne, ya faɗi abin da kwamfutar ba ta faɗa ba.

Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa, NIPRD, da ke Idu a Abuja, wadda ta samar da Niprisan na masu sikila, da cibiyar binciken magungunan tsirrai ta Jami'ar Jos, su ne ke da damar cike wannan giɓi. Su tace sinadaran tsirranmu ɗaya bayan ɗaya, su gwada su, su fitar da sakamakon fili kowa ya gani, har da waɗanda suka nuna illa, waɗanda aka saba bari a cikin durowa.