Mai ciki, daina haɗiye maganin ƙarin jini da shayi

Kusan kowace ranar awo sai mun samu mace a wata na bakwai ko na takwas, an auna jininta bai kai ba. A janyo fatar idonta ta ƙasa, fari fat. Tafin hannu ma haka. Daga benci zuwa bakin ƙofa tana haki, jiri na ɗibarta. A duba katinta, tun zuwan farko an ba ta jar ƙwayar nan ta ƙarin jini.

"Kina shan maganin kuwa?"

"Wallahi Anti ban taɓa tsallakewa ba."

"Da me kike haɗiye shi?"

"Da shayin safe."

To ga inda gizo ke saƙa. 'Yan uwana mata, na faɗa a ɗakin awo har muryata ta dushe, zan kuma sake faɗa: shayi yana tare sinadarin ƙarfen da ke cikin ƙwayar, wanda da shi jiki ke haɗa jini, ya hana yawancinsa shiga jiki. Kin sha magani, amma kaɗan ne ya amfane ki. In kuma kin tsuga madara a shayin, ita ma tarewa take yi. Haka abin yake da abinci. Ki ci wake ko miyar zogale, ki kora da shayi mai kauri nan take, kin rage wa kanki amfanin abin da kika ci.

Da na yi wannan bayani sai wata ta ce to bari ta koma gahawa, irin Nescafé da maigidanta ke sha. A'a, ƙanwata. Gahawa ma tana tare ƙarfen, sai dai shayi ya fi ta ƙarfi a wannan fannin. Ita kuma gahawa ta fi shi yawan kafeyin, sinadarin nan mai hana barci da sa bugun zuciya, kusan ninki biyu a kofi ɗaya. Kafeyin yana ratsawa har wurin jariri. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai cikin da ke shan fiye da miligiram 300 a rana, wajen kofi uku na gahawa ke nan, ta rage, saboda haɗarin ɓari da haihuwar jariri marar nauyi. Ki tuna goro da lemon kwalba baƙi duk suna cikin lissafin. Ga mai lafiya da ba ta da ciki, shayi ko gahawa daidai gwargwado ba laifi. Ke naki lissafin daban ne.

Ban ce ki bar shayi ba. Na san da sanyin safiya, ga laulayi, wata shi kaɗai cikinta ke karɓa. Na kuma san ƙwayar tana tayar da zuciya, shi ya sa ake neman abu mai zafi da zaƙi a kora ta. Amma haba! Ruwa fa? Me ruwa ya yi miki? Kina jin ana cewa wance ta zubar da jini wajen haihuwa, ana ta neman mai ba da jini leda ɗaya cikin dare. Wadda ta shiga naƙuda da ƙarancin jini, ɗan zubar da wata za ta jure, ita yana iya kai ta ƙasa. Mun gani da idonmu, ba labari aka ba mu ba.

Ku ma iyayen gida da surukai, ku daina miƙa mata kofin shayi da ƙwayar a tafin hannu ɗaya.

A taƙaice:
- Ki haɗiyi ƙwayar da ruwa. In da lemon zaƙi ko gwaiba ki haɗa, suna taimaka wa ƙarfen shiga jiki.
- Ki bar aƙalla awa ɗaya, biyu ya fi, tsakanin shayi ko gahawa da magani ko abinci.
- In tana tayar miki da zuciya da safe, mayar da ita dare.
- Bayan gida ya yi baƙi? Aikin maganin ne, kar ki daina.
- Jiri, haki ko bugun zuciya sun yi yawa, kar ki jira ranar awo, ki zo asibiti a ranar.