Daga Situdiyo Zuwa Kunnen Jama'a: Tambayoyin Mawaƙan Gusau Kan Sakin Waƙa

Tambaya: Na gama ɗaukar waƙa. Kwana nawa zan ɗiba kafin in sake ta?

Amsa: Sati shida, in ka matsu huɗu. Fara tsayar da ranar sakin, sannan ka riƙa ƙirgawa da baya. Sati biyun farko na gyaran sauti ne da hoton bango da takardu. Saura sati huɗu ka miƙa ta ga kamfanin rarrabawa irin su DistroKid, TuneCore ko ONErpm, su ne masu kai ta Spotify da Apple Music. Spotify na son a gabatar wa masu zaɓen waƙoƙinsa ita aƙalla kwana 7 kafin ta fita, kuma kuskure ɗaya a hoto ko suna ya isa a maido maka da ita. Ga ɗaukewar wuta, ga sabis mai zuwa yana tafiya.

Tambaya: Me zan karɓo daga hannun mai situdiyo?

Amsa: Abu uku. Fayil ɗin WAV mai 44.1 kHz da 16-bit, shi kamfanonin rarrabawa suka fi buƙata. MP3 domin waya da masu turi, wato masu zuba wa mutane waƙoƙi a waya. Sai kiɗan zalla ba murya, wanda za ka hau a wurin biki. A zuba maka su a filasha. In an tura ta WhatsApp a matsayin sauti, yana matse ta ingancin ya ragu, don haka a tura a matsayin fayil.

Hoton bango ya zama murabba'i, pixel 3000 da 3000, ba lambar waya, ba tambarin Facebook ko TikTok a jikinsa. Sunanka kuma ya zama rubutu ɗaya a ko'ina. Mai rubuta Ɗan Gusau yau, gobe Dangusau, zai wayi gari da shafi biyu, masu saurarensa sun rabu. Ka kuma tuna yawancin mutane ba sa buga ƙ da ɗ in suna neman waƙa a waya.

Tambaya: Na biya kuɗin situdiyo. Ashe waƙar ba tawa ba ce kacokan?

Amsa: A nan ake samun rikici, ɗan'uwa. Kuɗin ɗauka daban, mallakar kiɗa daban. Tun waƙa ba ta yi suna ba, ku zauna da mai kiɗa da wadda ta ɗora murya da duk wanda ya rubuta baiti, a rubuta kason kowa cikin ɗari, kowa ya sa hannu gaban shaidu biyu. In sayen kiɗan ka yi gaba ɗaya, takarda ta faɗi haka ƙarara. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta ce sai a rubuce ake mayar da haƙƙi ga wani. Kiɗan da aka sauke kyauta daga YouTube kuwa, na'urarsu za ta gane shi, kuɗin talla ya tafi ga mai shi. Ka adana lambar ISRC, mai haruffa da alƙaluma 12, da kamfanin rarrabawa zai ba waƙar. Da ita za ka koma wani kamfani ba tare da lissafin masu saurare ya fara daga sifiri ba.

Tambaya: Wace rana ta fi?

Amsa: Tun 2015 duniya ta tsayar da Juma'a a matsayin ranar sakin sababbin waƙoƙi. Amma duba kalandar gida tukuna. Waƙar soyayya a tsakiyar azumi asara ce. Satin Sallah kuma manya na sakin nasu, ƙaramin mawaƙi ya nutse. Waƙar aure ta fi tashi bayan kaka, lokacin da amfanin gona ya shigo gida aka fara ɗaure-ɗauren aure.

Tambaya: Masu turi fa? Ba su ne ke kashe mana kasuwa ba?

Amsa: A Gusau da Ƙaura Namoda da Talata Mafara, mutane da yawa ta hannunsu waƙa ke isa wayarsu, sai Xender ya ƙarasa sauran. Saka su cikin shiri. Ka kai musu MP3 da safiyar ranar saki, kada ka kai kafin nan, da sunanka da na waƙar a jikin fayil ɗin, ka kuma ambaci sunanka a farkon waƙar, domin fayil na canza suna a hanya. Waƙa ta fi zurarewa ta hannun aboki da aka ce wa "saurara ka ba ni shawara". Ya saurara a wayarka, kada ka tura masa. Saura kwana goma ka fara sakin gutsure na daƙiƙa 20 zuwa 30 a TikTok, daidai wurin amshi.

Tambaya: Yaushe zan fara ganin kuɗi?

Amsa: Lissafin manhajoji kan iso bayan wata biyu zuwa uku, kuma yawanci da dala ake biya, don haka tanadi hanyar karɓa tun da wuri. Spotify ya shigo Najeriya a 2021, kuma daga 2024 waƙar da ba a saurara sau 1,000 cikin wata 12 ba, ba ta samun ko kwabo a wurinsa. Masu cewa ka biya su ƙara maka masu saurare na bogi, in aka gano ana iya sauke waƙar. Audiomack kyauta ake ɗorawa, ka sa lambar da za a kira ka biki ko suna a bayanan shafinka.