Mene Ne Gwajin PCR, Kuma Me Ya Haɗa Shi da Gonar Lemo?

Tun lokacin annobar korona a 2020 sunan gwajin PCR ya shiga bakin jama'a, har mutane da yawa suka ɗauka cewa aikin asibiti ne kawai. Alhali hanya ce ta gano ƙwayar cuta ta bin sawun sinadarin gadonta, ko tana jikin mutum, ko kaza, ko bishiya. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom, nan kusa da Jos, ta daɗe tana amfani da shi wajen tabbatar da murar tsuntsaye, kuma da wannan dabara ce ake binciken ganyen lemo, mangwaro da tuffa.

Wani masani ɗan Amurka, Kary Mullis, ne ya ƙirƙiro dabarar a 1983, ya kuma sami kyautar Nobel a kanta a 1993. Ana niƙa ɗan guntun ganye a tace sinadarin gadon da ke ciki, wato DNA, sannan a zuba masa wasu gajerun sinadarai da aka tsara don su manne wa DNA na bakteriyar da ake nema ita kaɗai. Daga nan na'ura za ta riƙa ɗumama haɗin zuwa kusan digiri 95, ta sauke shi zuwa wajen 55, ta mayar da shi 72, kuma a kowane zagaye abin da ake nema yana ninkuwa biyu, kamar takardar da ake ta bugawa a injin fotokwafi. Bayan zagaye 30, guntu ɗaya kan zama kusan biliyan guda, adadin da na'ura ke iya gani. Idan bakteriyar ba ta cikin samfurin, babu abin da zai ninku.

Amfanin wannan ya fi bayyana a cutar lemo da ake kira huanglongbing, wadda har yau ba a samo mata magani ba. Bakteriyar da ke haddasa ta ba ta yarda ta tsiro ita kaɗai a kwanon ɗakin gwaji, saboda haka tsohuwar hanyar rainon ƙwayar cuta a duba ta ba ta aiki a kanta. Alamominta ma suna yaudara, domin ganyen da ya yi ɗorawa yana kama da na bishiyar da ke fama da ƙarancin sinadarin zinki, sai manomi ya yi ta zuba taki yana asarar kuɗi. Mafi muni, bishiya na iya ɗaukar cutar watanni masu yawa tana kore shar, yayin da wani ɗan ƙwaro mai tsotson ruwan ganye ke kwasarta zuwa maƙwabtanta. An gano ta a jihar Fulorida ta Amurka a 2005, kuma noman lemon jihar ya ragu da fiye da kashi 70 cikin 100 tun daga lokacin. A 2020 masu bincike sun ba da rahoton ganin nau'in ƙwaron na Asiya a jihar Oyo, abin da ya kamata ya dami duk wanda ya san yawan lemon Binuwai da ake saukewa a kasuwannin Jos.

Gwajin yana da iyakarsa. Bakteriyar ba ta bazuwa daidai a jikin bishiya, don haka reshe ɗaya na iya nuna lafiya alhali ɗaya gefen ya kamu, shi ya sa ake tsinko ganye daga ɓangarori daban-daban, a ajiye shi cikin sanyi har ya isa ɗakin gwaji. Ga kuma tsadar sinadarai da buƙatar lantarki mai ɗorewa.

A ganina, inda ya fi dacewa a kashe kuɗin gwaji shi ne wurin rainon dashe, musamman uwar bishiyar da ake yanko reshenta don yin aure, wato haɗa reshen da jikin ƙaramin dashe, domin uwa ɗaya mai cuta na iya raba ta ga ɗaruruwan gonaki. Akwai kuma wata hanya mai sauƙi da ake kira LAMP, wadda masanan Japan suka fitar a 2000. Tana aiki a zafi guda na digiri 60 zuwa 65, tana ba da sakamako cikin kusan awa ɗaya, kuma na'urarta ƙarama ce da malamin gona zai iya ɗauka zuwa wurin masu sayar da dashe ya yi gwajin a gabansu.