Lafiyar ƙwaƙwalwar ɗalibai a makarantun Damagaram

Lafiyar ƙwaƙwalwar ɗalibi ita ce yanayin da yaro yake iya natsuwa ya fahimci darasi, ya zauna lafiya da ƴan ajinsu, ya kuma jure matsalolin yau da kullum ba tare da sun karya masa zuciya ba. Ma'anarta ta fi rashin taɓin hankali faɗi, ko da yake mutane da dama suna jin an ambaci ƙwaƙwalwa sai tunaninsu ya tafi ga mahaukacin da ke yawo a kasuwa, kuma wannan fahimta ce ke sa iyaye ɓoye damuwar ƴaƴansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane yara bakwai masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata lalura ta ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan lalurori suna somawa ne kafin yaro ya wuce shekara 14. Fargaba da baƙin ciki mai tsanani suna cikin waɗanda suka fi yawa.

A birnin Zinder, wato Damagaram ta Nijar, da ƙauyukan jihar, abubuwan da ke takura ɗalibi sukan faro daga wajen aji. Akwai yunwar yaron da ya fito bai karya ba, da cunkoson aji, da zafin bazara a azuzuwan zana, waɗanda gobara ta cinye a Yamai da Maraɗi a shekarar 2021 har yara da dama suka rasu. Yaron da ya tashi da Hausa ko Barbarci a gida yakan sha wuya da Faransancin da ake koyarwa da shi, sai a ɗauka daƙiƙi ne. Wanda ya ci jarrabawa daga ƙauye yakan zo birni ya zauna hannun mariƙi, nesa da uwarsa, wani lokaci aikin gidan ya cinye masa lokacin bita. Ga fargabar jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare da Bakaloriya ta kammala babbar sakandare. Ƴan mata kuma suna da tasu damuwar, domin kusan uku cikin huɗu na matan Nijar ana aurar da su kafin su cika shekara 18. Saboda haka aka kafa dokar watan Disamba na 2017 mai kare karatun ƴa mace, aka kuma buɗe makarantar kwana ta ƴan mata a Kelle, cikin gundumar Gure, a 2021. Samarin da karatu ya kuɓuce musu, wasunsu kan faɗa shan ƙwayar Tramol ko ƙungiyoyin ƴan daba da ake kira fale.

Lamarin da ya fi jan hankali shi ne faɗuwar ƴan mata a cikin aji. Yarinya ɗaya takan yanke jiki ta faɗi tana ihu ko sambatu, kafin a ankara wasu sun bi sahunta, har a tashi makaranta. Galibin jama'a suna danganta abin da aljanu, sai a kira malamai su yi ruƙiyya. Masana halayyar ɗan Adam kuwa sun san irinsa a makarantun ƙasashe da yawa, suna bayyana shi da cewa damuwa ce da ta rasa hanyar fita da baki sai ta bayyana a jiki, tsoro kuma ya yaɗa ta daga wannan zuwa waccan. Shawararsu ita ce a janye wadda ta faɗi zuwa wuri mai iska, a hana taruwa a kanta, sannan ma'aikacin lafiya ya duba ko akwai farfaɗiya, zazzaɓin cizon sauro ko ƙarancin jini. Babu dalilin da zai sa addu'a ta hana wannan bincike, kuma kuskure ne babba a sallami yarinya gida ba a tambaye ta abin da ke damunta ba.

Da yake likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne a Nijar, kuma yawancinsu suna Yamai, nauyin lura ya rataya a wuyan malamin aji. Shi ne yake fara ganin alamu: yaro mai ƙwazo ya koma shiru, makinsa ya faɗi, ya yawaita fashi ko barci a aji, ko ya riƙa faɗa ba gaira ba dalili. Bulala a irin wannan hali tana ƙara dagula lamarin ne. Abin da ake so shi ne malam ya keɓe da yaron ya saurare shi, ya riƙe sirrinsa, sannan ya nemi iyaye. Kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye mata suna da amfani a nan, domin su ne suke iya shiga gida su yi magana da uwa a kan talla ko auren da ake shiryawa. Ciyarwa a makaranta, wasanni, da makewayi na daban ga ƴan mata suna rage damuwa fiye da yadda ake zato.

Idan yaro ya ambaci kashe kansa, ko ya daina ci da barci, ko yana jin muryoyin da ba wanda yake ji, wajibi ne a kai shi cibiyar lafiya ba tare da jinkiri ba, daga nan a tura shi Babban Asibitin Ƙasa na Zinder in buƙata ta taso. Shirin mhGAP da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008 an tsara shi ne domin ma'aikatan ƙananan asibitoci su iya gane irin waɗannan lalurori su kuma fara ba da magani.