Ma'anar "zargin maƙarƙashiya" da labarin jirgin Malesiya da ya ɓata

A majalisarmu ta bayan isha'i a Shara Mansur, nan Makka, akwai wani dattijo tsohon direba. Da zarar an tabo maganar jirgin Malesiya da ya ɓata a 2014 sai ya dire kofin shayinsa ya ce, "Ɗana, jirgi ba allura ba ne. Mu'amara ce kawai." Abin da Larabawa ke kira nazariyyatul mu'amara ke nan, mu kuma mu ce zargin maƙarƙashiya.

Maƙarƙashiya ita ce ƙulle-ƙullen da wasu ke yi ta ƙarƙashin ƙasa don cutar da wani. Zarginta kuwa shi ne mutum ya haƙiƙance cewa bayanin da hukuma ta bayar rufa-rufa ce, akwai masu ƙarfi a bayan fage da suka shirya komai. Ya sha bamban da shaci-faɗi, kodayake mutane kan gwama su. Mai shaci-faɗi yana cewa "wataƙila", in hujja ta zo ya janye. Mai zargin maƙarƙashiya in ka kawo masa hujja, ita ma sai ya zuba ta cikin makircin.

Ranar 8 ga Maris 2014, jirgin MH370 ƙirar Boeing 777 ya tashi daga Kuala Lumpur zuwa Bejin ɗauke da mutum 239. Bai cika awa guda a sama ba na'urar da ke sanar da hasumiya inda yake ta yi shiru. Radar sojoji ta gan shi ya juya ya nufi yamma. Bayan ya ɓace mata, tauraron ɗan'adam na kamfanin Inmarsat ya ci gaba da samun siginarsa har wayewar gari, kuma da ita masana suka lissafo cewa kudancin Tekun Indiya ya dosa. Ostireliya da Malesiya da China suka laluba murabba'in kilomita 120,000 na ƙasan teku, aka dakatar a Janairun 2017 hannu rabbana. Rahoton Malesiya na 2018 ya ce da alama hannu ne ya juya jirgin, amma bai iya faɗin wane ne ba, balle dalili.

Wannan giɓin ne kowa ya cike da abin da ke ransa. Masu cewa gobara ce, ko iskar shaƙa ta ƙare kowa ya sume, ko matuƙin ne ya yi da gangan, duk shaci-faɗi suke yi, kuma ana iya auna maganarsu da bayanan da ake da su. Fasinjojin Iran biyu masu fasfon sata ma an yi ta cece-kuce a kansu, sai bincike ya nuna Turai suke neman shiga. Amma masu cewa Amurka ce ta sauke shi a sansaninta na tsibirin Diego Garcia, nasu daban ne. A Yulin 2015 igiyar ruwa ta kawo wani ɓangaren fiffike gaɓar tsibirin Reunion, Faransa ta tabbatar na jirgin ne, daga baya aka tsinci wasu tarkace a Mozambik da Tanzaniya. Sai masu zargin suka ce ai ajiye su aka yi.

Ban ga laifin dattijon nan gaba ɗaya ba. Ruwa ba ya tsami banza. Hukumomin Malesiya sun kwashe kwanaki kafin su fito fili da abin da radar soji ta gani, ana can ana nema a tekun da jirgin ba ya ciki. A 1988 sojojin ruwan Amurka sun harbo jirgin fasinjan Iran, mutum 290 suka mutu. Wata huɗu bayan MH370 aka harbo wani jirgin Malesiya a samaniyar Yukren. Sai dai waɗannan biyun sun bar tarkace da gawarwaki da shaidu, an san su ne ta hanyar hujja.

Shi ya sa wani dare na tambaye shi, "Baba Alhaji, me za a nuna maka ka yarda yana cikin teku?" Ya ce baƙin akwatin jirgin, wato na'urar da ke naɗar bayanan tafiyarsa. Na ce in an ciro shi fa? Ya kurɓi shayi, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Sai na ji wanda ya ciro shi tukuna."