Jarrabawar jiha a firamaren Amurka: me dokar ta ce a kan yaro mai ƙiriniya?

Da watan Afrilu ya ƙarato, maganganu kan fara yawo tsakanin iyaye a Amurka: wai yaron da ya faɗi jarrabawar jiha sai ya maimaita aji, wai mai ƙiriniya kuma ana dakatar da shi kafin ranar don kada ya ja wa makaranta baya. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a dokar tarayya.

Dokar da ake magana a kai ita ce ESSA, wadda Shugaba Obama ya sa wa hannu a Disambar 2015, ta maye gurbin tsohuwar dokar ilimi mai suna No Child Left Behind. Ta wajabta wa jihohi su gwada yara a karatu da lissafi kowace shekara daga aji 3 zuwa aji 8. Makaranta ake aunawa da sakamakon. Maimaita aji kuwa hurumin jiha ne. Florida, alal misali, tana da irin wannan ƙa'ida ga 'yan aji 3 masu rauni a karatu tun 2002, amma ba kowace jiha ba ce.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne sharaɗin kashi 95. Dole aƙalla kashi 95 cikin 100 na yaran su zauna jarrabawar. A ce makaranta tana da yara 100, 80 suka zauna, 60 suka ci. Ba za a lissafa 60 cikin 80 ba, 60 cikin 95 za a lissafa. Ke nan yara 15 daga waɗanda ba su zo ba tamkar sun faɗi ne. Makarantar da ta tura yara gida don su kuskure jarrabawa har masu zama suka gaza kashi 95, ita ma asara take yi.

Yaro mai buƙata ta musamman kuma wata dokar tana kare shi, wato IDEA. Idan za a fitar da shi daga aji fiye da kwanaki 10 na makaranta a jere, sai an zauna da iyayensa an duba ko larurarsa ce ta jawo halin.

Amma ni abin da ya fi damuna ba ya cikin takardar dokar. Yaro ɗan shekara takwas ne a gaban kwamfuta, ba magana, ba tashi, yana kaɗa ƙafa, yana tauna fensir. Malamarsa ta san cewa makarantun talakawa da suka faɗa kashi 5 cikin 100 mafi rauni a jihar ana sa su a jerin masu buƙatar gyara, don haka ita ma a takure take. A wasu makarantun har lokacin wasa ake ragewa saboda bita, sannan yaron da aka hana guje-guje shi ake rubuta wa takardar rashin natsuwa. Idan irin takardar nan ta zo muku gida a makonnin jarrabawa, ku fara tambayar malama minti nawa ya samu ya fita wasa a ranar.